Kwalin laddun Rejitha

A asibitinmu na Kottayam a ƙasar Indiya, duk nas ɗin da ta samu bizar ƙasar waje sai ta kawo kwalin laddu, wata dunƙulalliyar alewa, kuma shugabar nas-nas ce ke fara gutsira. In ba ta gutsira ba, ba a sa miki albarka ba, ko jirgi ba ki da zuciyar hawa. Bana kaɗai shugabar tamu, Sista Aleyamma, ta gutsiri laddu sau goma sha ɗaya, har ganin kwali ke tayar mata da hawan jini.

Ni ba wanda ke tsoron tafiyata, gwiwoyina sun riga sun ɗaure ni a nan. Rejitha ce abin tsoro, don ita kaɗai ta rage mana mai iya samo jijiya a hannun jariri.

Ranar Litinin sai ga ta da kwali. Sista tana hango ta sai ta shige ɗakin ajiyar zannuwa, wai ƙura take dubawa. Washegari ta ce ciwon suga ya kama ta, alhali a gabana ta zuba cokali uku a shayi. Ran Laraba ta ce azumin kwana hamsin na kafin bikin Ista ta ɗauka. Da na tuna mata Ista ta wuce, ta ce nata na nafila ne, in ja bakina.

Rejitha ba ta yi musu ba. Kullum tana zagaya ɗakuna biyu ita kaɗai, kwalin na ƙasan keken magani. Laddu ya bushe ya yi tauri. Tausayinta ya kama ni, haushin Sista kuma kamar in shaƙe ta.

Rana ta tara Sista ta same ta zaune a kan bokiti, ta cire takalmi, ƙafafun sun kumbura suntum. Ta daɗe tana kallon ƙafafun.

"Miƙo kwalin nan, 'yar nan."

"Azumin fa, Sista?"

"Allah ya san ƙarya nake."

Ta gutsira, muka ji ƙas kamar an taka tsakuwa. Hawaye suka zubo mata, ta ce haƙorinta ne.

Tana gama haɗiyewa ta saka tabarau, ta ja Rejitha zuwa ɗakin jarirai.

"Shekara ashirin rabona da allura," in ji ta. "Riƙe hannuna ki nuna min yadda kike samo jijiyar, kafin ki tafi."