Har Girgizawa Ya Yi

Wata takwas na yi ina gyaran garin silika. Farin gari ne kamar gishiri, kuma ɗanyensa ba ya tsinana komai. Sai an dafa shi cikin wani sinadari kwana biyu, a wanke, a busar, a sake, sannan yake iya kama jan ƙarfen da ya narke a ruwa. In aka zuba shi a ruwan gwaji mai shuɗi, ruwan ya washe, garin ya ɗauke shuɗin. Aikin digirina ke nan, saura sati uku in gabatar. Mahaifina kuwa yana kwance tun bara, kullum tambayarsa ɗaya: "Bana dai za ki gama ko?"

Kwalabe biyu gare ni a kan kanta, gyararre a hagu, ɗanye a dama. Ranar Litinin na shiga ɗakin gwaje-gwaje na tarar da kwalba ɗaya, cike har wuya. Na nemo mai kula da ɗakin, dattijon da muke kira Baba Tsafta saboda ba ya ganin abu ya bar shi inda yake.

"Baba, ina ɗaya kwalbar?"

"Baƙi za su zo duba ɗaki, 'yata. Na ga duk rabi-rabi ne, duk kuma silika aka rubuta, sai na haɗe miki. Har girgizawa na yi."

Har girgizawa! Yana faɗa yana murmushi, godiya yake jira.

"Jan layin da na ja a murfi fa?"

"Au, alama ce? Ai na ɗauka datti ne, na wanke."

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ran nan. Na ce shekara ashirin yana ɗakin nan bai koyi barin kayan mutane ba? Wa ya aike shi? Gwanintar da ba a nema ba ai ɓarna ce. Ya tsaya riƙe da tsumma.

Na ɗebi cokali na zuba a ruwan gwaji, ko Allah zai sa. Ruwan ya ɗan washe kaɗan ya tsaya. Ba rariyar da za ta raba farin gari da farin gari, sati uku kuma ba za su isa in gyara wani ba.

Na haura wurin Farfesa, mai duba aikina. Ya saurare ni yana latsa waya.

"Kina da sakamakon gwaji huɗu na farko, ko? To, sauran ai layi ne, kowa ya san inda zai bi. Ki cike."

"Yallaɓai, in ƙirƙiro lambobi ke nan?"

"Ni ban ce ba. In kin ƙi, sai baɗi."

Nan haushin Baba Tsafta ya zama wasa. Shi dai da hannu ya yi ɓarnarsa, cikin rashin sani. Wannan kuwa ya san komai, yana zaune kan kujera mai juyawa yana miƙo min ƙarya in sa hannu. Na ce masa na gode, na ja ƙofar da ƙarfin da bai dace da ɗaliba ba.

A bakin matakala na kira gida. Ƙanwata ta kara wa mahaifina wayar a kunne.

"Baba, ba bana ba ne. Sai baɗi."

Na ji numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Baɗi," ya ce. "To. Ki dai gama, ko ba na nan."