Ƙwai Masu Taga

Shekarar da fari ya ƙone gero tun bai fid da kai ba, sojoji suka rufe jami'ar Yamai. Zara'u ta dawo ƙauyensu Kona da akwati guda da bincike wanda bai ƙare ba. Malaminsu, Mushe Sha'ibu kamar yadda ake kiran malamin boko a can, ya ce ɗalibi ɗaya zai tura ƙaro karatu, kuma sai wanda ya nuna masa sakamako ido da ido.

So take ta gano ko ruwan ganyen sabara na jawo sababbin jijiyoyin jini, irin waɗanda gyambo ke bukata kafin ya warke. A labo, ɗakin gwaje-gwaje, ƙwai mai ɗan tsako ake huda wa 'yar taga, a ɗiga magani kan tantanin ciki, a liƙe da gilashi da kaki, a mayar cikin na'urar ɗumi. In maganin na aiki, jijiyoyi za su taru inda aka ɗiga. A Kona ba na'ura, ba lantarki. Akwai dai Inna, yayar mahaifiyarta da ta rene ta, da akuyarta guda, da jar kaza ɗaya da ta rage mata, wadda ta fara kwanci.

"Kin tahi birni kin koyo yi wa ƙwai taga," in ji Inna. "Saura ƙyaure."

Zara'u ta ci gaba da huda ƙwanta. Rabin ƙwan ta ɗiga wa sabara, rabi ruwa zalla, don ta gwada bambanci, sannan ta mayar da su ƙarƙashin kazar. Rabin jar dawar taimako da aka raba mata kuwa kazar ke ci. Kullum in ta leƙa tagar nan sai ƙirjinta ya cika: a ƙasar da gulbi ya kafe, ga waɗansu jajayen ƙoramu sirara suna ta rassa, ga 'yar zuciya kamar ƙwayar gero tana bugawa.

Ran da Mushe Sha'ibu ya iso bisa amalanke daga Tasawa, tana daji ɗibar ganye. Tun daga bakin zaure ta jiyo ƙamshin da gidan ya daɗe da mantawa. Ta tarar da shi kan tabarma, ya naɗe hannun riga, ƙasusuwa a gabansa. Gefen murhu, jan gashi.

Ta gaishe shi da muryar da ba tata ba, ta ja Inna bayan rumbu.

"Inna, ina kazar?"

"Ga ta can cikin baƙonki."

"Kazar da ke kwance kan ƙwaina?"

"To wace? Garke gare ni? Mutum ya taso tun daga Yamai, ya ƙetare shingen soji, ya yi sallama yana kiran sunanki, ba furfura ko ɗaya, in tarbe shi da jar dawa? A ce mi a danginsu?"

"Wane dangi? Malamina ne. Ƙwai ya zo gani."

"Haka suke cewa, ɗiyar nan. Ubanki akuya ya ce ya zo taya."

Zara'u ta dafe kai. Kuka take so ta yi, haushi ya hana. Ta ruga akurki, ta taɓa ƙwan: da sauran ɗumi. Ta kwaso su cikin ƙwarya ta dire gabansa.

"Mushe, ga binciken. Na'urar ɗumin kuwa kun gama da ita yanzun nan."

Ya dubi ƙwan, ya dubi ƙasusuwan, ya aje cinyar da ke hannunsa a hankali kamar mai neman gafararta. Sannan ya wanke hannu, ya ciro madubin ƙara girma, ya duƙa kan tagogin ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe.

"Suna da rai," ya ce. "Na sabarar kamar sun fara karkata, amma ba zan sa hannu kan kamar ba. Sai sun ƙara kwanaki. Ba wata kaza a maƙwabta?"

"Duk an sayar an sayi hatsi."

La'asar ta yi sanyi, ƙwan ma haka. Zara'u ta yagi tsohon zane, ta naɗe rabinsu cikin auduga, ta ɗaure a cikinta, tagogi na duban sama. Sauran ta tura masa.

"Wanda ya ci kaza shi ke kwanci, Mushe."

Bai yi musu ba. Ya cusa su cikin riga, ya zauna a miƙe kyam kamar mai ciwon baya, ya sallami mai amalanke.

Haka suka yi kwanakin, ita a ɗaki, shi a zaure, ba mai duƙawa, ba mai juyi a barci, salla ma sai a zaune. Mutanen gari suka yi ta zuwa yi masa sannu da jiki. Yawancin ƙwan suka mutu. Cikin waɗanda suka rayu, na ruwa zalla jijiyoyinsu sun bi hanyarsu, na sabara kuwa sun kewaye ɗigon kamar hanyoyin shanu a bakin rijiya.

"Ƙwan sun yi kaɗan," in ji shi. "Sai kin maimaita a can, inda ba a yanka na'ura. Sunanki zan tura."

Zara'u ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan zanen.

Inna, da ke leƙe ta katangar zana, ta gyara murya.

"To alhamdu lillahi. Yaushe manyanka za su zo? Ka gaya musu da wuri, don akuyar nan ita kaɗai ta rage."