Haƙoran Takalmi

Goggo Jimmai ta zo Amurka ne wankan jegon Mubaraka, 'yar ƙanenta da ta riƙe tun tana goye. Ta zo da kanwa da daddawa da kukar miya, ta kuma zo da bakinta na mutuniyar Gwarzo, wadda ko akuyar maƙwabta ta wuce sai ta tanka mata. Sai ta tarar da ƙauyen McLeansville. Gidaje ne a warwatse, kowanne ya ja gefe, tsakaninsu fili da itatuwa. Mutum zai faɗa mota tun daga cikin gareji, ƙofa ta ɗage da kanta, ya wuce ko ƙeyarsa ba ka gani ba.

Da aka yi arba'in, Mubaraka ta koma aikinta. A gida take yinsa, amma da ta toshe kunnuwa ta fuskanci kwamfuta, ɗaya suke da wadda ta yi tafiya. Mijinta Muzammil kuwa ɗalibi ne a jami'a a cikin Greensboro, da sassafe yake fita. Jaririyar, Ilham, barci ne sana'arta. Goggo ta yi hira da tukunya, ta yi hira da labule, har ta fara jin muryarta tana yi mata baƙunta. Kewa ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa sani ba ko a shekarar da ta yi takaba.

Abin da ya cece ta wata 'yar siririyar hanya ce a bayan gida, ta ratsa cikin itatuwa, ta gangara wani ɗan rafi, ta sake hawa. Mubaraka ta ba ta kambas ɗinta na gudun daji, mai gurzajjen ƙasa, Goggo ta cusa tsumma a gaban don ya ɗan yi mata yawa. Kullum da hantsi sai ta zura hijabinta ruwan ɗorawa ta bi hanyar. A can ƙarshe akwai shingen katako, bayansa fili mai faɗi, sannan wani shuɗin gida. A barandar gidan wata tsohuwa baƙar fata take fitowa tana zuba wa tsuntsaye hatsi.

Ranar farko Goggo ta ɗaga hannu ta ce, "Ina kwana?" Tsohuwar ta ɗaga nata. Shi ke nan zumunci ya ƙullu, a wurin Goggo dai. Ta raɗa mata suna Mai Tsuntsaye. Daga bakin shinge take jero mata gaisuwa, ya sanyi, ya ƙafa, ya yara, tsohuwar ta faɗi wani abu da Turanci, Goggo ta ce, "To madalla." Daga nan tsohuwar ta shige ta rufe ƙofa, ita kuma ta juyo gida da ƙarfinta. Wannan ɗaga hannun shi ne duk abin da ta mallaka a ƙasar nan wanda ba ta hannun Mubaraka ya biyo ba.

A cikin watan Janairu Muzammil ya shigo da kwalaye uku. Shi da abokan karatunsa za su je hawan duwatsun yamma, cikin wannan sanyin, ba itace za su yo ba, ba kuma wani suka sani a can ba. Goggo ta bar wannan a ranta, don ba a yi wa suruki dariya a gabansa. Ya baje kayan a ƙasa. Wasu abubuwa ne na roba da ƙarfe da ake sanya wa takalmi don kada ƙanƙara ta kwashe mutum. Uku ya yi oda, don ya gwada ya zaɓi ɗaya, daga baya ya mayar da biyu.

"Wannan mai coils ɗin na sidewalk ne kawai, tafiyar gefen titi," ya ce wa Mubaraka, yana juya wani mai waya a nannaɗe. "A trail, hanyar daji, in akwai gangara, ba ya kamawa."

"To wancan mai sarƙar fa?"

"Shi ne mai riƙo sosai, amma size ɗin na yi kuskure. Kin san kambas ba kamar boots ba ne, laushi gare shi. Robar ta matse min yatsu har sun mutu." Ya ɗauki na ukun, mai gajerun ƙusoshi, ya jefa a jakarsa. "Wannan ya isa."

Goggo tana gefe tana jijjiga Ilham. Ba ta cika sa baki in surukinta yana magana ba, amma ta ce, "Malam, su haƙoran nan, in ƙasa ta daskare sosai suna riƙe mutum?"

Ya yi murmushi ya ɗan rusuna. "Suna riƙewa, Goggo. Sai dai su suɓuce daga takalmin in ba su zauna daidai ba."

Ba a yi tafiyar dutsen ba, don ƙanƙarar ta biyo su har gida. Ruwa ne aka yi ta yayyafawa, yana sauka yana daskarewa, har gari ya waye kowane reshe da kowace ciyawa sun zama gilashi. Wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Muzammil ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta ya ce, "Goggo, don Allah kada ki fita. Ko taku ɗaya." Mubaraka ta ƙara da cewa masu shekarun Goggo in suka karya ƙugu a nan, wahalar ba ta faɗuwa. Goggo ta ce ta ji.

Ta ji ɗin kuwa, ta zauna. Amma hankalinta yana shuɗin gida. Ba ta taɓa ganin kowa a barandar nan ba sai tsohuwar, ba yaro, ba babba. Wa ya leƙa ta? In ta fito zuba hatsi ta zame fa? A Gwarzo ko ruwan sama mai ƙarfi aka yi, da an ɗauke sai a bi gida-gida a ji yadda aka kwana. Ta gaya wa Mubaraka. Mubaraka ta zare abin sauraro ɗaya daga kunnenta ta ce, "Goggo, tana da phone, tana da family. Nan ba a zuwa gidan mutum haka kawai." Ta mayar da abin a kunnenta.

Ranar da aka share babban titi Muzammil ya lallaɓa makaranta. Cikin itatuwa kuwa rana ba ta shiga, ƙanƙara tana nan yadda take. Goggo ta dama kunun gyaɗa ta cika fulas. Ta jira Ilham ta yi barci kusa da uwarta, sannan ta zauna a bakin ƙofar baya da kwalaye biyun da ke jiran a mayar.

Mai wayar ya fi kyan gani, ba nauyi, ba abin da zai yanki mutum. Shi ta fara sanyawa. Ta riƙe ƙyaure ta ɗora ƙafa a matakala, ƙafar ta tafi abinta, da ƙyar ta dawo da ita. Ta cire shi ta ce, "Kai ɗan kwalliya ne." Ta ɗauko mai sarƙar, ta gwada haƙoran da babban yatsa kamar mai sayen wuƙa. Abin da ya matse Muzammil sai ya zauna ɗas a kambas ɗin Mubaraka. Ta tuna maganar suɓucewa, ta yago bakin tsohon zane ta ɗaure kowace ƙafa ta sama. Ta taka, ta ji ƙaras, ƙasa ta riƙe ta. Sanyi yana yanka, don haka ta ɗora baƙar rigar sanyin Muzammil a kan hijabin, ta ja hular rigar har goshi.

Gangarar rafi ta ba ta tsoro ƙwarai. Ta bi ta a karkace, tana dasa ƙafa, tana kiran sunan Allah, fulas a hammata. Rassa suna ɓallewa suna zubowa can nesa. Babu tsuntsu, babu mota, sai ƙarar haƙoranta. Da ta haye ɗaya ɓangaren sai ta miƙe ta nufi shingen.

Baranda ba kowa. Goggo ta tsaya a bakin shinge ta yi ta jira, har yatsunta suka daina jin fulas ɗin. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta tura 'yar ƙofar shingen ta ratsa filin. A gindin matakala ta tsaya, don ba za ta taka wa mutane katako da ƙarfe ba. Ta yi sallama, ta sake yi, ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa jikin barandar.

Ƙofa ta buɗe kaɗan, sarƙar kulle ƙofar tana maƙale. Tsohuwar ce, lulluɓe da bargo, da ranta da lafiyarta. Daɗi ya cika Goggo har ta fara jero gaisuwa tana ɗaga fulas. Sai ta lura da idanun. Sun yi fari-fari, suna yawo a kan baƙar rigar ba su tsaya a fuskarta ba. Tsohuwar ta yi magana da kakkausar murya, ta maimaita, hannunta ɗaya riƙe da waya. Goggo ba ta jin Turanci, amma ta san muryar wanda ya tsorata, ta kuma san kora. Ashe duk watannin nan matar ba ta taɓa ganin fuskarta ba, launin hijabin kawai take hangowa.

Kunya ta rufe ta. Ta ja da baya, ta juya, ta bi sawunta har ta fita daga shingen ta rufe ƙofar. A nan ta tsaya, a daidai inda take tsayawa kullum. Ta ajiye fulas, ta zuge rigar sanyin ta tuɓe ta, iska ta bugi hijabin ruwan ɗorawa. Ta ɗaga hannu.

Sai ta ji sarƙa ta zame. Tsohuwar ta fito bakin ƙofa, ta yi wata 'yar dariya, ta ɗaga hannu sama sosai tana kaɗawa, tana faɗin abin nan da take faɗi kullum.

"To madalla," in ji Goggo. "Ya muka ji da wannan ƙanƙara? Na ce bari in zo in..."

Tsohuwar ta ƙara kaɗa hannu sau ɗaya, ta shige, ta rufe ƙofa, yadda take yi kowace safiya.

Goggo ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta mayar da rigar, ta ɗauki fulas, ta bi ramukan da haƙoranta suka bari a hanya.

Ta tarar da Mubaraka a ƙofar baya, Ilham a kafaɗa, ido ya yi ja. "Goggo! Ina kika shiga? Har na kira Muzammil!"

"Gaisuwa na je."

Mubaraka ta kalli ƙafafun da aka ɗaure da tsumma, ta kalli fulas ɗin. Ta karɓe shi, ta ji nauyinsa bai ragu ba. Muryarta ta sauka. "Kin same ta?"

Goggo ta zauna a matakala tana kwance ƙullin da yatsun da suka ƙi lanƙwasuwa.

"Ta amsa," ta ce. "Ki gaya wa Malam kada ya mayar da wannan. Gobe ma zan je bakin shinge."