Ƙullin da Ya Ƙi Saki

"Nan ne?" Nagat ta tambaya, babban yatsanta a nutse cikin tsokar kafaɗar yayarta.

"Wayyo! Nan ne, muguwa. Har cikin idona na ji shi."

"To ja numfashi, Abla. Yanzu zai saki."

Insaf, yayar da Nagat ke kira Abla, tana kife a kan gadon tausa, fuskarta cikin tawul, tana ta mita. Tun safe ta hawo mota daga garin Mahalla, kamar yadda take yi kowace Talata, da tukunyar mahshi a cinyarta. Ga tukunyar can kan kujera, ƙamshin shinkafa da ganyen inabi ya danne warin man zafi a ɗakin.

Shekara goma sha tara ke nan Nagat tana wannan aiki a wani ɗan asibitin gashin ƙashi a garin Tanta. Aikin ba wani siddabaru ba ne. Za ta laluba tsoka har ta gano ƙulli kamar ƙwayar wake, ta danne shi, ta jira. Ƙulli na gaskiya ba ya ɓoye kansa: yakan zillo a ƙarƙashin yatsa, ya aika zafi wani wuri can nesa, har mai ciwon ya yi ƙara. Bayan minti guda sai ya yi laushi. Wannan ma ya yi.

"Juyo," in ji ta.

Insaf ta juyo ta kwanta rigingine. Rigarta ta zame, Nagat ta ga yadda ƙasusuwan wuyanta suka fito, ta kawar da ido.

Akwai wani ƙullin a ramin da ke saman ƙashin wuya, ta hagu. Shi ba ya zillo, ba ya zafi, tauri gare shi kamar tsakuwa. Da wata baƙuwa ce ta shigo da shi, wallahi tun ranar farko Nagat za ta ɗage hannunta ta ce a tafi wurin likita. Amma wannan Insaf ce, wadda ta bar makaranta ta shiga masaƙa don ta riƙe ta bayan uwarsu ta rasu a gadon asibiti. Sai Nagat ta ce wa kanta tsoka ce. Mako bakwai tana danna shi tana cewa, "Taurin kai gare shi irin naki." Ta san ƙarya take yi wa kanta, kuma ta san kowace Talata da ta wuce ta tafi da wani abu da ba zai dawo ba. Yau da safe ta rubuta sunan wani likita a takarda ta sa a aljihu.

"Direban nan na yau, Allah ya shirye shi," Insaf tana cewa. "Gudu kamar an ce uwarsa na kan wuta. Na ce masa ɗana, tukunya gare ni, in ta zube kai za ka naɗe mini wata. Ke kuwa Dakta, me ya same ki yau? Hannunki sanyi ƙalau."

Insaf ba ta ce mata Dakta sai in tsiya take ji.

Nagat ta ɗora yatsu biyu a kan abin. Ya ƙara girma. Ta janye hannunta, ta jawo kujera ta zauna.

"Abla, wannan ba irin nawa ba ne."

"Wanne?"

"Kin san wanda nake nufi. Ba tsoka ba ce. Tun farko ya kamata in faɗa miki, ban faɗa ba. Tsoro na ji." Ta ciro takardar. "Na san ba kya son asibiti. Amma gobe zan zo Mahalla da kaina in ɗauke ki, ko kin so ko kin ƙi. Ki zage ni a hanya in kin ga dama."

Insaf ba ta karɓi takardar ba. Ta zuba wa fankar da ke juyawa a sama ido.

"Mayar da abarki aljihu," ta ce a hankali. "Na je."

"Kin je ina?"

"Asibiti mana, ina kuma? Tun kafin Talatar farko da na zo miki da shi. Sun ɗauki hoto, sun zura mini roba ta maƙogwaro, sun ɗebi nama. Daga ciki ya taso, 'yar nan. Wannan na wuya ɗan aike ne kawai. Sun ce ya yi nisa."

Nagat ta mayar da takardar aljihu. Sai yanzu ta tuna cewa mako bakwai Insaf tana kawo abinci, ba ta taɓa sa ko loma ɗaya a baki ba. Kullum sai ta ce ta ci a gida.

"Kika bar ni?" Ba ta san ta ɗaga murya ba. "Kika kwanta a nan kina kallona ina danna shi kamar wawuya? Kin san kwana nawa na yi ban runtsa ba, ina cewa ni na kashe ki?"

"Yi a hankali, akwai mutane a waje."

"Su ji!"

"To ki yafe mini." Insaf ta juyo da kai ta dube ta, idonta a bushe. "Kin san yadda gidana ya koma? Mijin nan nawa Hajji Sobhi, mutumin da shekara talatin bai san inda ake ajiye sukari ba, yanzu shi ke dafa mini shayi. Yana tafiya a kan yatsu. 'Yata Rasha in ta kira waya kuka take yi kafin ta gaishe ni. Maƙwabta suna shigowa suna magana ƙasa-ƙasa kamar an riga an yi mini wanka. Kowa ya zama mutumin kirki, Nagat, har ya ishe ni. Nan ne kaɗai ake yi mini faɗa. Ke kaɗai kika rage da ke murɗa ni ina ihu, kina ce mini mai taurin kai. Na ce bari in ci moriyar abin kafin ke ma ki gane."

Nagat ta rufe fuska da tafukanta. Kuka take son yi, irin na yaran da aka bari a kasuwa, amma ta ji abin da aka gaya mata, sai ta haɗiye shi.

Daga titi ana jin mai lemo yana kiran kayansa. Insaf ta dafa gefen gado, da ƙyar ta sake kifewa, ta gyara tawul a ƙarƙashin fuskarta.

"Lokacina bai ƙare ba ai. Akwai wani a dama, ƙasan allon kafaɗa. Tun jiya yake cizona."

Nagat ta tashi. Ta goge hannuwanta a riga, ta murza su har suka yi ɗumi. Yatsanta ya bi gefen ƙashin ya same shi nan take, ɗan ƙarami, ya zillo. Ta danna a hankali, a hankali sosai, yadda ake taɓa jariri.

Insaf ba ta yi ƙara ba. Jira kawai take yi.

Nagat ta gane ba lallashi take so ba. Ta ciji leɓe, ta sa ƙarfinta duka.

"Wannan kuma daga ina kika samo shi?" ta ce, fuskarta na kallon bango. "Tulun gas kika sake ɗauka a kafaɗa, ko? Sau nawa zan hana ki? Kunnen ƙashi gare ki, Abla, wallahi."

"Wayyo Allah!" in ji Insaf cikin tawul. "Yauwa. Ci gaba."