Fadamar da Ke Cikin Kwamfutar Ajimi

"Buɗe mini takardata, Ajimi. Ba hira na zo ba."

Ya danna, ya sake dannawa. Wani jan rubutu ya tsaya a fuskar kwamfutar, ya ƙi gusawa. A cikinta shaidar marigayi Malam Abbagana take, mutum ɗaya da ya ga mijina ya sayi fadamarmu ta bakin kogin Gashuwa. Ya dangwala yatsa, maƙwabcina Ajimi mai buga takardu ya ɗauki hotonta ya adana. Ta hannuna ambaliya ta cinye. 'Ya'yan mai fadamar na da sun ce haya aka ba mijina, kuma ranar Alhamis alƙali zai zauna.

"Iya Gaji, manhajar da ke buɗe takardun ce ta kulle. Da na karɓo ta a Nguru na ɗauka saye na yi. Ashe haya ce, duk shekara sai an sabunta."

Haya. Kalmar da aka yi wata bakwai ana jifana da ita.

"Nawa suka ba ka?"

"Su wa, Iya?"

"Kada ka raina mini hankali. Turmina tun ana kashe sulai na saye shi, ba wanda ya dawo ya ce in sake biya. Kai ne za ka sayi abu ya rikiɗe haya? Ko bakin ma nasu ka aro."

Na fito ƙofar shago na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa masu jiran mota. Munafuki na kira shi, har sau uku. Na ga ƙafafunsa sun kumbura, na ga yana dafa tebur kafin ya miƙe. Ban fasa ba.

"Allah ya huci zuciyarki, Iya," ya ce. Shi ke nan.

Ranar Laraba da hantsi na ji kuka ta katanga. Ajimi ya rasu.

Na yi niyyar in yi gaisuwa daga bakin ƙofa in juya. Matarsa Fanne ta kamo mayafina ta zaunar da ni kusa da ita.

"Likita ya hana shi hawa mota, saboda ciwon ƙodarsa," ta ce a hankali. "Litinin ya tafi Nguru neman mutumin da ya karɓo manhajar a wurinsa. Kekensa ya sayar ya biya musu shekarar. Da ya dawo sai da aka riƙo shi har shago. Ya ce ba zai kwanta ba sai takardarki ta fito."

"Bai ce komai a kaina ba?"

"Ya ce shi ma da aka fara gaya masa bai yarda ba."

Daga baya na je wa mai unguwa, na ce a nuna mini inda ake ƙarar masu sayar da abu su riƙe makullinsa. Ya ce suna ƙetaren teku. To ni da nake nan unguwar, katanga ɗaya tsakaninmu, wa zai kai ni ƙara?

Amma a ranar gaisuwar, Fanne ambulan ta zaro daga ƙarƙashin tabarma ta ba ni. Na fito da takardar na zuba mata ido, mata suna ta shigowa da sallama. Ashe a juye na riƙe ta. Fanne ta miƙo hannu ta juya mini ita, sama ta koma sama.