Haƙorin Uwaisu

Shekarar da gero ya gagari talaka a Dawanau, Uwaisu ɗan Safiyatu ya fara buga kansa da bango. Yaro ne mai galahanga, bai taɓa magana ba, amma da can shiru yake zamansa. Yanzu kuwa sai ihu da cizo, ko tuwo ya ƙi ci.

Yayan mijin Safiyatu, Nababa, wanda bai taɓa ɗaukar yaron ba ko sau ɗaya, shi ya fi kowa sanin ciwon. Ya tsaya daga nesa yana taunar goro ya ce, "Aljanu ne. A ɗaure shi, a yi masa hayaƙi." Aka ɗaure yaro aka turnuƙe shi, ihunsa ya ƙaru, Nababa ya ce ai aljanin ne yake jin jiki.

Washegari Safiyatu tana wanke wa Uwaisu fuska ta taɓa kumatunsa, ya ƙwala ƙara ya ture hannunta. Ta buɗe bakinsa da ƙyar, ta ga haƙori ya ruɓe, dasashi ya kumbura da mugunya. Ta goya shi zuwa asibiti, aka cire haƙorin. Bayan 'yan kwanaki ya ci abinci, ya yi barci mai nauyi.

Nababa ya leƙo ya ce, "Kin gani ko? Hayaƙina ya yi aiki."

Safiyatu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya." Ta ja tsaki, ta ci gaba da tankaɗenta.