Murfi Ɗaya

Sahabi ya baro fadamar Wamakko da damin alkama a bayan babur, zuciyarsa na tafasa. Bai tsaya ko'ina ba sai Ƙofar Kware, shagon Jafar mai sayar da taki da magungunan gona. Ko sallama bai yi ba, ya watsa damin a kan tebur.

Abin takaici ne kam. Wata uku da shuka, alkamar ba ta wuce taƙi ɗaya ba, zangarniyar kuwa ba ƙwaya ko ta rantsuwa. Kuma ba kowace alkama ba ce. Irin da marigayi mahaifinsa ya bari ne, jar alkamar da matan unguwa ke rububinta saboda alkaki. Bara ya zuba mata takin zamani, ta yi tsawo har iska ta kwantar da rabinta. Shi ne bana Jafar ya ba shi wata 'yar kwalba, wai tana rage tsawon kara, ƙarfin ya koma ga ƙwaya.

"Duba aikinka," in ji Sahabi. "Ka kashe min gona, kana nan zaune kana shan iska."

Jafar, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ya jujjuya zangarniya ɗaya. "Nawa kaz zuba?"

"Yadda kac ce. Murhi guda cikin kowane hwamhon heshi. Ni ba yaro ne ba."

"Wane murhi?"

Nan Sahabi ya ƙara harzuƙa. Shi za a mayar sakarai? Ya zare murfin famfon feshinsa daga aljihu, don dama ya taho da shi ya zama shaida, ya buga a tebur. Faɗinsa ya kai bakin kwanon sha.

Jafar ya dubi murfin. Sannan ya ɗauko irin kwalbar nan, ya kwance ɗan murfinta, wanda bai fi kan babban yatsa ba, ya ajiye kusa da wancan.

"Wanga nika nuhi, ƙanena."

"To mi ya hana ka hwaɗi? Bakinka ciwo ya kai?"

"Da ka dawo sayen kwalba ta huɗu na tambaye ka yadda kaka aunawa. Kac ce in sai da abina, noma ba a shago aka koyon shi ba."

Sahabi ya tuna. Haka ya faɗa, har da dariya, mutane na ji. Fushin bai tafi ba, sai dai ya rasa wanda zai sauke wa, kuma wannan ya fi ciwo.

Jafar ya sassauta murya. "Bana ta wuce. Baɗi sai a gyara. Irin Baba hwa, ka rage ko tiya guda a gida?"

Sahabi ya mayar da idonsa kan damin da ke tebur. Tun da ya riƙe kwalbar nan ya tabbata bana zai cika rumbu, don haka har ƙasan buhun irin ya kakkaɓe a gona.